Hukuncin da Ban Karanta wa Isiyaku Ba

Hay el-Sabi', Alƙahira
Ranar Lahadi da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan mahaifiyarsa, ta kuma riƙe shi kamar ita ta haife shi. Ranar Laraba za ki tafi. Allah Ya ɗaga jirginku lafiya, Ya sauke shi lafiya, Ya sa ki tarar da maigidanki da yara ƙalau. Ki gaishe mini da su ɗaya bayan ɗaya. 'Yar autarki kuwa, amaryata, ki ce mata tsohon mijinta bai manta da ita ba, jan takalmin nan yana ƙasan jakarki.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Ba wata hikima ba ce, tsoro ne. Na yi shekara ashirin da huɗu ina karanta wa mutane hukunci suna tsaye a gabana, ga shi yau bakina ya kasa faɗa wa 'yata magana guda.

Wata takwas kika yi a nan. Kin bar aikinki da gidanki kina raka ni wankin ƙoda sau uku a mako. Yanzu an kira ki gida za a rantsar da ke joji a Babbar Kotun Jiha, kotun da na yi wa Babban Joji har na yi ritaya. Ni na ce ki tafi, har yanzu kuma ina cewa ki tafi. Likita ya ce zuciyata ba za ta ɗauki jirgi yanzu ba, to ba ita za ki zauna jira ba. Motar asibiti za ta riƙa zuwa ɗaukata, matar bawwab, mai gadin benen nan, ta karɓi girki. Kada ki sa ni a rai ta wannan wajen.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shekaranjiya ya faru. Ɗaliban nan 'yan jiharmu sun zo gaishe ni bayan an sauko Juma'a, kika kawo musu shayi, sai ɗayansu ya tambaye ki me ya sa kika karanta shari'a. Kika ajiye faranti kika ce, "Ai Baba ne. Ina 'yar shekara goma sha biyu na gan shi a talabijin ya je gidan yari, aka fito da wani bawan Allah da ya shekara goma sha ɗaya ba a yanke masa hukunci ba. Baba ya yi faɗa kamar zai cinye mutane, ya ce a buɗe masa ƙofa nan take. Ranar na ce ni ma aikin da zan yi ke nan." Yaran suka yi ta kabbara. Kika ce labarin da za ki bayar ke nan a walimar rantsuwarki. Sai kika juyo kika ce, "Baba, ka yi shiru." Na ce shayin ne ya yi zafi.

Ba shayi ba ne. Kada ki ba da labarin nan a walima, Uwata. Ni ne na sa mutumin nan ya yi shekara goma sha ɗaya a can.

Sunansa Isiyaku. Mai gyaran rediyo ne a bakin tasha, a garin da aka haife ki, inda aka fara tura ni joji. Kina goye a lokacin. An yi fashi a gidan wani ɗan kasuwa, aka ji wa maigadi rauni. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka ga rediyon gidan a shagon Isiyaku, a kan tebur, a fili, an kwance bayansa. Ya ce wani baƙo ne ya kawo gyara bai dawo ba. Ba a kama ko ɗaya daga cikin 'yan fashin ba, shi aka kawo gabana. Laifin fashi kuwa ba a ba da beli. Na saurari shaidu bakwai, babu wanda ya ce ya gan shi a gidan. Maigadin ma da aka ce ya dubi wanda ke cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, sai ya ce, "Wannan ai mai rediyo ne. Ni ma shi ke mini gyara, yau wata huɗu tawa tana wurinsa." Kotu ta tuntsire da dariya.

Na ce "dubi", amma ni ban duba ba. Kin san joji da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa a kotu, a zamaninmu kuwa babu wata na'ura. Ni ina alfahari da littafina. Lauyoyi suna cewa ba a taɓa samun kalmar da ta faɗi ƙasa a kotuna ba. To kai yana sunkuye daga tara na safe har a tashi. Wata biyar na yi a kan shari'ar nan, da za a tsayar da ni a ce Isiyaku dogo ne ko gajere, ban sani ba. Muryarsa na sani, da lambar fayil ɗinsa. In kin hau kujerar nan, ki riƙa ajiye alƙalami ko da na numfashi uku ne, ki dubi wanda aka kawo miki. Ba don ki ji tausayinsa ba, tausayi yakan ɓatar da alƙali kamar yadda fushi ke yi. Don dai ki san mutum ne. Wanda kika ga fuskarsa da wuya ki manta da shi a cikin kabad.

Ranar da lauyoyi suka gama jawabinsu na ƙarshe, na riga na san ba shi da laifi. Shafi biyu sun isa. Da na ga dama na shiga ofis na rubuta kafin azahar, ya kwana a gidansa. Sai na ce da Turanci an ɗage zuwa Alhamis don yanke hukunci. Tafinta ya faɗa masa. Na ji muryarsa daga akwati, "Ranka ya daɗe, Alhamis ɗin nan mai zuwa?" Ban jira tafinta ba, na amsa da Hausa, "I, ka dawo ranar Alhamis." Ita ce kaɗai Hausar da na taɓa yi masa.

Za ki ce me ya hana. Ba cin hanci ba ne, babu wanda ya kira ni daga sama, babu wanda ya tsorata ni. Da ma haka ne, da na sami wanda zan raba laifin da shi. Turanci ne ya hana. Tun ina midil, ranar da wani malaminmu Bature ya ɗauki insha'ina ya karanta wa aji, nake son a yaba Turancina fiye da yadda nake son abinci. To a daidai lokacin akwai wata babbar shari'ar gado a gabana, tsakanin manyan gidaje biyu, lauyoyinta daga kudu ake kawo su a jirgi. Na san duk yadda na yanke za a ɗaukaka ƙara, manyan alƙalai za su karanta abin da na rubuta, mai yiwuwa a buga shi a littattafan shari'a. Na fara na Isiyaku, na yi shafi uku, saura ƙarshen kawai, sai na ture shi gefe na ce bari in gama babban. Na yi makonni ina goge jimla ina sakewa. Har mahaifiyarki nake karanta wa, ita da ba ta jin Turanci. Takan ce, "Wannan hukunci ne ko huɗubar Idi? Tuwonka dai ya huce."

Alhamis ta zo, na ce hukunci bai kammala ba. Ta sake zuwa, na sake faɗa. Daga baya motar gidan yari ta lalace, aka daina kawo shi, ni kuwa na ji sanyi a raina, don babu muryar da za ta tambaye ni. Uwata, wanda ke tsare shi ne farko, ko da shari'arsa ta akuya ce. Masu gado suna kwana a kan katifunsu suna jiran ki. Kuma ki rubuta hukunci yadda in an fassara wa tsohuwa za ta gane. Shafi arba'in da biyu na rubuta a shari'ar gadon nan, an yabe ni, an buga. Yau babu mai karanta shi, har ni.

Ana cikin haka matarsa ta zo gida. Ranar Asabar ce, ina falo da takarduna. Ɗan sandan da ke ƙofa ya leƙo ya ce ga wata mata da goyo, ta ce ita matar mai rediyo ce. Na ce a sallame ta, ba a kawo mini shari'a gida. Mahaifiyarki ta fita ta ba ta ruwa, suka daɗe a zaure. Da ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Ba roƙo ta zo yi ba. Cewa ta yi a tambaye ka ko an manta da shi ne, don in an manta ta san abin da za ta faɗa wa uwarsa." Na ce, "Ke ma kin zama lauya?" Ta ɗauke ki ta shige ciki.

Ƙin ganin matar daidai ne, har gobe ina nan a kan haka, ke ma kada ki ga mai shari'a a gidanki. Amma ƙa'idar cewa ta yi kada in saurare ta a zaure, ba ta ce kada in nemi fayil ɗin ranar Litinin ba. Na ɓuya ne a bayan ƙa'ida. Aikin nan cike yake da irin waɗannan wuraren ɓuya, masu kyan gani, kowa zai ce kin kiyaye mutuncin kujera. Ke kaɗai za ki san lokacin da kike kiyayewa da lokacin da kike ɓuya.

Yanzu ga wurin da ya fi mini nauyi.

Saboda hukuncin gadon nan aka mai da ni hedikwatar jiha. Ina haɗa littattafaina a ofis sai ga Malam Tanko, rajistaran kotun, dattijo ne tun a lokacin, ya shigo rungume da fayiloli. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na mai rediyo fa? Karantawa kawai ya rage." Kin san doka: joji yana da wata uku daga jawabin ƙarshe ya yanke hukunci. Ni na ci wata biyar. Hanya tana nan a buɗe, in rubuta wa Babban Joji na lokacin in nemi izinin komawa rana ɗaya in karanta. Tafiyar awa biyu ce. Amma sai na faɗi dalili, sai ya ga kwanan wata, shi kuwa makon da ya wuce ya gama yabona a gaban 'yan'uwana alƙalai. Na ce wa Malam Tanko, "Sa shi cikin waɗanda za a sake daga farko a gaban sabon joji."

Bai motsa ba. Ya ce, "Daga farko, ranka ya daɗe?"

Na ce, "Kunnenka ya sami matsala ne?"

Ya ce, "A'a, lafiyarsa ƙalau." Ya ajiye fayil ɗin a kan tebur ya fita. Kafin ya dawo na buɗe, na zare shafuka ukun nan da na rubuta, na sa a jakata, don kada wanda zai gaje ni ya ga har ina na kai na tsaya. Na ce wa kaina shari'a ce mai sauƙi, sabon joji zai gama ta cikin wata biyu.

Ban sake tambaya ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Sabon jojin bai daɗe ba aka canja shi. Ɗan sandan da ya yi bincike aka tura shi wata jiha. Maigadin ya rasu. Da aka yi ƙaura zuwa sabon ginin kotu, fayil ɗin ya ɓata. Ni kuwa ina ta hawa. Ki ji wannan da kyau: kuskure ƙarami yake ranar da aka yi shi. Da na rubuta takardar nan, iyakarta Babban Joji ya kira ni ya yi mini faɗa na minti goma, in sunkuyar da kai in ce na tuba. Faɗan minti goma na gudu, na ba wani mutum shekara goma sha ɗaya ya ɗauka a madadina. Duk ranar da kika makara, ki faɗa da bakinki kafin a gano, ki sha kunyarki da zafinta.

Sai ranar da kika gani a talabijin. Al'ada ce Babban Joji ya riƙa zagaya gidajen yari lokaci lokaci, a kawo masa waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, ya saki wanda ya ga dama. Shekarata ta farko ke nan a kujerar. An kafa rumfa, ga 'yan jarida, ga lauyoyin gwamnati, ga gandirobobi a jere. Aka kira suna, wallahi ban gane ba. Aka fito da wani siririn mutum mai furfura a gemu. Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, "Yaushe rabonka da kotu?"

Ya dube ni. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ne. Kai ka ce in dawo ranar Alhamis."

Ba da fushi ya faɗa ba. A hankali, kamar mai tuna wa babba abin da ya manta. Muryar na gane. Mutane suka yi dariya, shugaban gidan yarin ya sunkuyo ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, kansa ya ɗan taɓu." Na ji, na kuma bar maganar ta zauna. Daga nan na ɗaga murya. Na zagi 'yan sanda, na zagi rajista, na tsayar da wani matashin lauyan gwamnati, wanda lokacin da aka kama Isiyaku ko sakandare bai gama ba, ya yi ta ba ni haƙuri yana zufa. Faɗan da ya burge ki ke nan. Tsoro ne, Uwata. Ina ihu ne don kada kowa ya sake jin abin da mutumin nan ya ce. Masu talabijin sun yanke maganarsa, suka bar tawa. In wata rana kika ji muryarki tana hawa a kotu fiye da kima, ki dakata ki tambayi kanki me kike rufewa.

Da na dawo gida kika taho a guje kika rungume ni. Mahaifiyarki tana zaune ba ta ce sannu da zuwa ba. Da kika fita ta ce, "Mai rediyo ne, ko?" Ita ta riƙe sunan, ni da na saurari shari'ar na manta. Na ce shi ne. Ta ce, "Ka faɗa wa yarinyar nan gaskiya." Na ce sai ta girma. Ba ta sake tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi abinsa. Amma daga ranar, in aka nuno ni a talabijin, sai ta tuna da wani aiki a madafa. Kin girma, kin yi aure, kin haihu, kin zama lauya, ni ina nan ina jiran ki girma.

Da ban zo garin nan ba, ina jin da haka zan mutu. A gida ni Mai Shari'a ne ko na yi ritaya, ban taɓa bin layi ba. A nan kuwa tsoho ne baƙar fata mai sanda, ba wanda ya san ni. Kin tuna lokacin da muke jiran sakamakon gwajin zuciya? Sau uku muna zuwa, magatakardan asibitin nan yana cewa, "Bukra, ya hajj," wato sai gobe, kansa a sunkuye yana rubutu. Rubutunsa mai kyau, na lura. Kika ce kada in ɓata rai. Kwana tara ne kacal, ina da gado, ina da fanka, ina da 'ya mai dama mini kunu, amma na kusa zarewa.

Alhaji Abakar ne ya ƙarasa ni, Bahaushen Sudan ɗin nan na unguwar Ard al-Liwa da gadonsa ke kusa da nawa a wurin wankin ƙoda, mai ce mini Maulana yadda suke kiran alƙali a can. Da ya ga ina huci sai ya ce, "Maulana, an ɗage shari'a ke nan? Ma'alish, sai haƙuri. Ku kuka koya wa duniya ɗagewa, yau an ɗana maka. Kwana tara har ka rame!" Ya yi ta dariya har nas ta zo ta ce zai tsinke allura. Ranar Alhamis da ta wuce, kin sauka sayo magani, na ba shi labarin Isiyaku. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai yi dariya ba. Ya dubi silin ya ce, "Yana da rai?" Na ce yana da rai. Ya ce, "To me kake jira? Kai da injin ke riƙe da kai?" Ya juya mini baya.

Yana da rai. Malam Tanko ya kira ni barka da Sallah bara, ya tsufa tukuf amma hankalinsa garau, ni ban tambaya ba shi ya faɗa. Isiyaku yana zama a rumfar ɗansa mai cajin waya, ɗan da aka zo da shi goye ƙofar gidana. Matar ta jira shekara shida, daga baya alƙali ya raba auren. Uwarsa ta rasu yana ciki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sunan da gari ya sa masa. Isiyaku Afuwa suke ce masa. Ke lauya ce, kin san bambancin: ranar nan sakinsa na yi, ban wanke shi ba. A wurin mutanen gari ɗan fashi ne da wani joji mai tausayi ya yi wa afuwa. Malam Tanko ya ce an nemi auren jikar Isiyaku, da dangin yaron suka yi bincike suka janye. Na ji wannan bara, na ce Allah Ya kyauta, na ajiye waya.

Ga abin da nake roƙonki. A ɗakin karatuna na gida, a saman kabad, akwai tsohuwar jakar fata ruwan ƙasa. Shafuka ukun suna cikin aljihun baya. Sau da yawa na ɗauko su zan ƙona, ban iya ba. Na huɗun na rubuta shi jiya, yana haɗe da wasiƙar nan. Da Hausa na rubuta, ban goge ko kalma ɗaya ba. Na ce ni ne na saurari shari'ar Isiyaku mai gyaran rediyo daga farko har ƙarshe, babu wata hujja da ta nuna ya yi fashi ko ya san rediyon na sata ne, ba afuwa aka yi masa ba, ba shi da laifi, kuma na san haka tun ranar da aka rufe shaida, na ƙi faɗa don gudun kunya. Na sa cikakken sunana, na sa hannu.

Na san takardar ba ta da ƙarfin komai a gaban doka, kin fi ni sanin haka yanzu. Ba don kotu na rubuta ba, don unguwarsu ne. Ki nemi Malam Tanko ya kai ki. Kada ki je da motar ofis, kada ki je da ɗan sanda. Ki fara ganin Isiyaku shi kaɗai, ki karanta masa, ki tambaye shi yadda yake so a yi. In ya yarda, a tara mai unguwa da liman da dattawa a karanta a gabansu. Kada ki ce kotu ta yi kuskure, kada ki ce fayil ne ya ɓata. Ki faɗi sunana. Kuma kada ki nemar mini gafara a gaban jama'a. Kin san halinmu, in aka tsare mutum a gaban liman zai ce ya yafe ko zuciyarsa tana ci da wuta. Na ƙwace masa abubuwa da yawa, kada a ƙwace masa wannan ma. In ya ce ba ya son ganinki, ki bar takardar wurin ɗansa ki juyo.

Na san nauyin da nake ɗora miki. Sunana kike amsawa, da shi za a rantsar da ke, kuma akwai waɗanda za su ji daɗin labarin nan su yi ta yawo da shi a harabar kotu. Yayyenki maza za su ce tsufa ne da ciwo, a bar maganar. Ba laifinsu ba ne, ni na rene su kamar masu jiran hukunci, shi ya sa gaisuwar Juma'a ta minti biyu ce tsakaninmu. In kin ga ba za ki iya ba, ba zan ce kin saɓa mini ba. Amma labarin talabijin dai kada ki sake ba da shi. Aikin da kika zaɓa mai kyau ne, Uwata, dalilin da na ba ki ne ƙarya. Ki nemi naki dalilin. Ina ganin in kin zauna gaban mutumin nan za ki samu.

Allah Ya tsare ki a hanya da bayan hanya. Allah Ya tsare ki daga son yabo, Ya sa kujerar nan ta zama hujja gare ki ba a kanki ba. Allah Ya raya miki zuriya, Ya ba ki masu riƙe ki yadda kika riƙe ni. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, ta faɗa mini gaskiya ban ji ba.

Da niyyata in cusa wasiƙar nan a jakarki, ki gan ta sai kin sauka, in ci ribar kwana ukun nan kina kallona yadda kika saba. Ina son kwanakin nan ƙwarai, ban san ko za mu sake haɗuwa ba. Amma na duba na ga wannan ma ɗagewa ce, kuma wanda ya yanke wa mutane hukunci suna tsaye bai kamata ya karɓi nasa ta waya ba. Zan ajiye ta a kan dardumarki ki gani yau.

Ina ɗakina, ƙofa a buɗe take. In kin shigo, duk abin da za ki faɗa zan saurara, kaina a ɗage. In ba ki shigo ba, ba zan kira ki ba.

Wassalam,
Mahaifinki.